Lamba Ɗaya ta Alhaji

Wani mutum ne a Funtuwa, Sallau, amma idan ba ka ce Injiniya ba ba zai waiwayo ba. A faɗarsa, ko kwamfuta ta mutu ta yi kwana uku, idan ta ji takunsa sai ta farfaɗo. Baki dai shi ke yanka wuya.

Alhaji Barau mai kamfanin taki ya kira shi gwaji. Aikin ɗaya ne: ya saita babbar kwamfutar ofis, wadda suke kira saba, ta riƙa raba wa kowace na'ura lambar adireshinta da kanta. Idan ya yi kyau, an ɗauke shi aiki dindindin. Sallau kuwa yana son kujerar nan kamar ransa.

Ya zauna yana danna kwamfuta ƙwas-ƙwas-ƙwas, aiki ya yi kyau. Da ya tsaya nan da ya sha. Ina! Sai neman fada ya motsa. Ya ce a ransa, ya za a yi saba ta riƙa jefa wa maigida lamba kamar rabon goron suna? Nan take ya keɓe wa laftof ɗin Alhaji lamba ɗaya. Bai tuna ba cewa lambar nan ta rauta ce, 'yar akwatin da intanet ɗin kowa ke bi. Na'ura biyu kuwa in suka haɗu a lamba ɗaya, sai hanya ta toshe.

Alhaji ya shigo, ma'aikata sun taru. Sallau ya gyara hula.

"Ranka ya daɗe, kowa lambarsa sa'a ce. Kai kaɗai na ajiye wa ta ɗaya. Babba ai babba ne."

Alhaji ya ji daɗi har da shafa gemu. Ya buɗe laftof. Ɗif! Intanet ta ɗauke a ofis kaf.

"Injiniya, saƙona ya maƙale!" in ji Malama Asabe akanta.

Alhaji ya rufe laftof ya dubi Sallau. Can sai ga intanet ta dawo. Ya sake buɗewa. Ɗif!

"Sallau, mene ne haka?"

Gumi ya karyo wa Sallau sharkaf. "Kwarjininka ne, Alhaji. Na'urorin ne ke jin nauyinka."

"Bar ni da kwarjini. Ni a kasuwa na girma, rumfar farko ba ta zama babu mai ita. Lambar nan hannun wa ka ƙwato?"

"Ta... ta wancan akwatin ce, ranka ya daɗe." Ya nuna rauta can saman kabad, ƙura ta lulluɓe ta, tana ta ƙyafta fitila.

"To ka ba ta ta biyu mana."

"Ai kowa ta ɗayan ya sani, Alhaji. Ita suke nema."

"Wato a ofishin nan ta fi ni?"

"Kaɗan ne, ranka ya daɗe."

Alhaji ya saɓa riga ya miƙe. "Madalla. Tunda ita ce babba, je ka ta ɗauke ka aiki."