Otel ɗin da ya fi nisa da gidan Inna

Ba zan taɓa mantawa da kwana ukun da na yi a Matamaye ina ɓuya wa matar da ta raine ni ba, ko da kuwa ita ta ce ta manta.

A Yamai nake aiki, a wani kamfani mai sayen riɗi da wake. Bara, bayan kaka, shugabana ya ce in je Matamaye in gana da dillalanmu na Kurni da Dawce, in duba kaya, in kawo rahoto. Ya ce ai wajen gida ne, ba ni da matsalar masauki. Na ce haka ne. Daga nan matsalar masaukin ta fara.

A Matamaye akwai Inna Dije, yayar mahaifiyata. A gidanta na yi shekara huɗu ina karatun kwaleji. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, Babana take ce mini. A wurinmu kuwa, wanda ke da 'yan'uwa a gari ba ya kwana otel. Otel na wanda ba shi da kowa ne, ko wanda ke da abin ɓoyewa. In ka yi haka ba kai za a yi da kai ba, da su za a yi, a ce sun kasa riƙe ɗansu.

Duk na san wannan. Amma na san ɗakin da za a sauke ni, wanda ke jingine da garken awaki, ga zafi, ga maƙwabta masu zuwa gaisuwa tun safe har yamma, kowa da ɗan da yake so in nema wa aiki. Ni kuwa na riga na saba da kilim, mai hura sanyin nan. (Shekara shida kacal na yi a Yamai. Tumbi ya riga hankali zuwa.)

Mutane kan zaɓi otel don tsabta, ko don ruwa, ko don kusa da wurin aiki. Ni ma'aunina ɗaya ne, nisa da gidan Inna. Na buɗe taswira a waya, na yi wa direbobi tambayoyi, aka lissafa mini masaukai uku. Na farko yana kusa da kasuwa, inda Inna ke sayen kayan miya, na soke shi. Na biyu yana bayan masallacin unguwarsu, shi ma na soke. Na uku yana can bakin gari, sai ka wuce gonakin rake. Shi na zaɓa, ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa.

Na sauka daga mota da baƙin tabarau da rawani, ni da ban taɓa naɗa rawani ba. Mai kula da wurin, Malam Isufu, dogo ne mai ƙarancin magana. Ya nuna mini ɗaki, ya ce kilim na aiki in akwai wuta. Da na tambayi abinci ya ce ba sa girki a nan, wata dattijuwa ce a cikin gari take dafa wa baƙinsu, shi kuma ya ɗauko a moto, wato babur. Ban tambayi wace dattijuwa ba. Mai wayo irina ba ya ɓata lokaci kan ƙananan abubuwa.

Abin da na yi maimakon haka shi ne na tsara masa yadda nake cin abinci. Tuwon gero, amma ƙanzon gindin tukunya nake so, a jiƙa shi cikin miyar kuka ya yi laushi. Kada a sa man shanu. Albasa ko ƙwaya ɗaya kada in gani. In kuma an yanka kaza, wuyan nawa ne. Malam Isufu ya saurara, ya maimaita mini don kada ya yi kuskure, ya hau motonsa.

Abincin ya zo a wani tsohon kwano mai shuɗin fure, gefensa a lotse. Na ci har na lashe yatsu. Daɗi ya kwashe ni na ce wa Malam Isufu ya gaya wa dattijuwar hannunta ya fi na wata Innata, wadda kullum kanwa ke yi wa miyarta yawa. Ya ce zai isar. Mutum ne mai riƙon amana, ya isar.

A rana ta biyu, bayan la'asar, zuciyata ta ɗan dame ni, sai na kira Inna a waya daga cikin ɗakin. Na ce ina Yamai, aiki ya yi mini yawa, amma in Allah ya yarda da Sallah zan leƙo. Ta tambaye ni ko ina samun abinci mai kyau. Na ce abincin Yamai dai sai haƙuri. Ta ce Allah ya ba da haƙurin. Na ajiye waya ina yaba wa kaina da zumunci.

Ranar tafiyata, da hantsi, dillalai biyu suka zo mu yi sallama. Ina zaune a farfajiyar otel, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ina yi musu bayani kan gaskiya a harkar kasuwanci, cewa mutum ya faɗi abin da ke cikin buhunsa. Sai moton Malam Isufu ya shigo. A bayansa Inna ce zaune, da mayafinta na zuwa biki.

Ta sauka a hankali. Ta gaisa da dillalan ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye su iyali, ta tambaye su gona. Sannan ta juyo gare ni.

"Babana, sannu da zuwa. Ya mutanen Yamai?"

Na ce suna lafiya.

"Kwanona na zo ɗauka," ta ce. "Naka ne na kwaleji, ba na so ya ɓace."

Na dubi kwanon da ke kusa da ƙafata. Lotsewar nan ni na yi ta da hannuna, ranar da na jefi wani bunsuru da ya cinye mini littafi. Kwana uku ina cin abinci a cikinsa ban gane shi ba.

Dillalan 'yan yankin ne, sun san ta, sun kuma san me ake nufi da ɗa ya kwana otel. Na ga sun fara kallon juna. Kafin wani ya buɗe baki Inna ta ce musu, ba tare da ta dube ni ba, "Ni na ce ya sauka nan. Ana gyaran ɗakinsa ne."

Na taɓa jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Dattijuwar da ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba ta yi ƙarya a gaban mutane don ta rufa mini asiri, ni da nake cikin wa'azin gaskiya.

Na ɗauki jakata da kwanon na bi ta. A hanya ne na ji sauran labarin. Tun ranar farko, Malam Isufu bai ƙarasa lissafa mata yadda baƙonsu ke cin abinci ba ta ƙarasa masa, ta ce wuyan kaza kuma nasa ne ko? Ta roƙe shi ya yi shiru, ita ma ba ta gaya wa kowa a gida ba. Jira ta yi in zo da ƙafata. Da ta ji yau zan tafi ne ta kasa zama.

Da muka isa ta buɗe ɗakin. An shafe shi da farar ƙasa, an fasa masa taga, an mayar da awaki bayan gida. A kusurwa ga fanka a tsaye, an lulluɓe ta da tsohon zane. Ta ce tun zuwana na ƙarshe da na ce zafi ya hana ni barci ta sa aka gyara. Zuwana na ƙarshe shekara uku ke nan. Na zauna bakin gado na cire rawanin, na yi amfani da shi na goge ido.

Na kira shugabana na ce riɗin Kurni na bukatar ƙarin bincike na kwana biyu. Wuta ba ta zauna ba, na sha zufa, maƙwabta bakwai sun kawo mini takardun 'ya'yansu, na karɓe su duka. Da aka kawo tuwo, Inna ta tsaya a kaina har na kai loma ta farko, sannan ta tambaye ni wace miya ta fi, tata ko ta dattijuwar otel. Na ce kanwar ta yi daidai.

Yanzu duk garin da aka tura ni, kafin in tambayi kilim ko ruwa, sai na fara tambayar wa ke dafa abinci. A Matamaye kam ba na tambayar komai. Daga tasha nake miƙewa gidan Inna, in tarar da kwanona a wanke.