Kitson Surukata

Shekarar da naira ta shigo na dawo Kafanchan da digiri na biyu a lissafi, ina jin babu kamata. Aka raka ni Godogodo gaida iyayen Rifkatu, wadda zan aura. Babanta, dattijon ikilisiya, ya ce, "Malam, me ka karanta haka?"

Da na ce lissafi na yi shiru, da yanzu ina da jikoki. Sai na gyara zama, na ce bincikena kan raba abu mai lanƙwasa ne layi-layi, layukan ba sa haɗuwa, tazarar tsakaninsu kuma ba ta canzawa. Suka zuba mini ido. Mamanta tana gefe, an gama mata kitso, ba ɗankwali. Ga misali a fili! Na tashi na ɗora yatsu biyu a kan surukata, na bi layukan daga goshi har ƙeya, na ce, "Kun gani? A nan tazarar ta lalace."

Mama ta ce, "Yesu!" Baba ya ce, "Sauka lafiya, Malam."

Rifkatu ta auri direban jirgin ƙasa, wanda layukansa biyu ba su taɓa haɗuwa ba. Har yau in na shiga kasuwa, mata sai su dafe ɗankwali: "Ga mai awon kai!"