Littafin Haihuwata Yana Hannun Kwamiti

Jiya na tafi ofishin rajistar haihuwa da ƙafafuna biyu, na dawo gida ba ni da tabbacin an haife ni. Ku bar ni in ba ku labari tukuna, don tun a motar dawowa na yi ta danne dariya har na iso gida.

Autata ce ta samu gurbi a makarantar koyon jinya. Aka ce ta kai takardar haihuwar ubanta kafin Alhamis, in ba haka ba a ba wata. Tawa takardar kuwa gara ta yi walima da ita tun ina saurayi. Na ce abu mai sauƙi, ai littafin yana ofis, a kwafo mini.

Kun dai san wainar da ake toyawa a gari. Tun da Mai Girma Mai Neman Babbar Kujera ya buga fosta aka gano wai ba ɗan ƙasar nan ba ne. Shagon mai askin layinmu ne hedikwatar bincike. Mai askin ya ce shekara talatin yana kama kunnuwan mutane, irin wancan kunnen ba a yin sa a nan. Tela ya ce ƙanin matar abokinsa ya san direban da ya tsallako da shi iyaka a kwandon wanki, yana ɗan wata uku. Ni ma ban zauna haka ba. Na ji atishawarsa a rediyo, na ce wannan atishawar ƙetare ce. Aka tafa mini, har aka yi mini aski ban bi layi ba.

A ofis na tarar da magatakarda yana gyangyaɗi a bayan tulin fayil. Da na faɗi shekarar haihuwata sai ya wartsake.

"Baba, ashe sa'an Mai Girma ne kai. Littafinku ɗaya, yana cikin wancan akwatin."

Na waiwaya. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, mai gadi na zaune a kai yana yanke farce.

"To a buɗe mana, ɗana."

"Mabuɗi ɗaya yana wurin shugaban kwamitin bincike, ya tafi ƙasar waje nazarin yadda ake haihuwa a can. Ɗaya yana wurin sakatare, yana hutu. Na ukun kuma an kafa ƙaramin kwamitin neman sa."

Allah Ya ƙara wa manyanmu basira. Mutum goma sha tara ne a kwamitin, kowa da sabuwar mota, don a karanta shafi ɗaya. Sun yi zama goma sha ɗaya, kuma alhamdu lillahi sun cimma matsaya a kan launin bangon rahoton.

Raina ya ɓaci, na ce, "Wane marar aikin yi ne ya jawo aka kulle littafin mutane?"

"Wasu 'yan kishin ƙasa ne suka rubuto koke," in ji shi, ya miƙo mini kwafin.

Sa hannu na farko, mai doguwar jelar nan da nake taƙama da ita, nawa ne. Nan take na tuna ranar: rabin kaina a aske, mai aski ya zagayo da takarda, na ce a ba ni in fara don tarihi ya san da zamana.

Na sassauta murya. "Ɗana, in mutum ya ce ya janye fa?"

"Sai ya cika fom ɗin janyewa."

"Madalla, kawo."

"Da takardar haihuwa ake haɗa shi, Baba, don a tabbatar ɗan ƙasa ne ya janye."

Mai gadi ya yi dariya har abin yanke farcen ya faɗi. Ni ma na taya shi, don ban ga abin yi ba.

Ina shiga gida na tarar da Mai Girma a talabijin yana ɗaga takardun haihuwa har uku, kowacce da ranarta. Bawan Allah an haife shi sau uku, ni ko sau ɗaya na kasa kawo shaida.

A nan dariyar ta ƙare, don autata na zaune a tebur, fom a gabanta, ta goge farar rigar da ta ɗinka tun kafin a kira ta. Kunya ta kama ni sosai, na gaya mata komai, har da sa hannun.

Ta daɗe tana juya biro, sannan ta ɗago.

"Baba, a nan sun ce ƙasar mahaifi. In rubuta ana kan bincike?"