Nonon Mararrabar Tsamiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar surukai ba, ko da na so in manta matata ba za ta bari ba.

Lokacin ba mu daɗe da samun mulkin kai ba. Ina ƙaramin komi, wato akawu, a biro, ofishin masu gyaran hanya na Dogon Dutsi, aikina zana layuka a taswira, abin da na fi so kuma karanta 'yan littattafan soyayya da fatake ke shigo da su daga ƙetaren iyaka. Na karanta su har sun jiƙa mini kai. A cikinsu duk saurayin da ya yi tafiya sai ya iske alamar masoyiyarsa a hanya, ko zobe, ko ƙyalle, ko ruwan sanyi a gindin itace. (Ni da na tashi a lakwal, makarantar boko ta kwana, na ɗauka haka duniya take.)

Yarinyar sunanta Dije. A kasuwar Dutsi na fara ganinta tana rakiyar gwaggonta, garinsu wani ƙauye ne kafin a kai Tibiri. Magana ta yi nisa, har Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, ya riga ni tafiya da goro, aka ce in biyo shi washegari iyayenta su gan ni. A wannan ganin za a ce an ba ni ko a'a.

Hanyar kuwa na san ta, a takarda. Na hau kamyo, babbar motar kaya, a tashar Dutsi, muka bi babbar hanyar Doso, jar ƙasa ce a lokacin, muka wuce Kieshe, na sauka a Kore Mai Ruwa. Daga nan na bi hanyar da ta yi kudu, wani mai amalanke ya rage mini tafiya, ya ajiye ni a wata mararraba mai tsohuwar tsamiya. Na ga dai ya juya jakinsa da sauri, bai ko tsaya a inuwar ba. Na ce a raina mutanen ƙauye ba su san daɗin wuri ba.

A gindin tsamiyar nan na gan shi. Sabon ƙoƙo rufe da faifai, cike da nono mai sanyi, gefe ga farin ƙyalle a ninke, ga 'yar kwalbar turare. Na ce Dije ce. Wa zai san yau zan biyo ta nan da ƙishirwa in ba ita ba? (Kada ku tambaye ni ko ban taɓa jin ana ajiye wa iskoki abu a mararraba ba. Na ji. Amma a littafi ba a taɓa yi ba.)

Na zauna na shanye nonon tas. Na shafa turaren, na yafa ƙyallen a wuya, har da ɗan hawaye. Sannan na tashi na bi hanyar dama, wadda taswirar bironmu ta nuna, na yi ta tafiya har na faɗa rugar wasu makiyaya. Su suka juyo da ni, suna kallon wuyana.

Da na iso ƙauyen rana ta karkata, na iske gidan su Dije ana ta guɗa. Na ƙara gyara ƙyalle, na ce lallai an san darajar baƙo. Aka shigar da ni zaure, na durƙusa gaban mahaifinta, Kawu Bawa na gefensa. Ana cikin gaisuwa sai ga kakar Dije ta shigo da sanda, tsohuwa mai ido kamar na shaho, fuskarta fal murna.

"Ina angon nawa? Taho in gan ka. Kai dai kana da goshi, yaro. Mai hanya ta amsa. Gwaggon yarinya ta tahi ta dubo, ta iske ƙoƙo wayam, har tuhwa ta ɗauka."

Ban fahimci komai ba, amma na san kaka abokiyar wasa ce, sai na saki baki.

"Kaka, ki ce wa jikarki saƙo ya iso. Nonon da ta ajiye mini a gindin tsamiya ya sauka har cikin zuciya. Ga ƙyallenta a wuyana, ba zan cire ba sai a kabari."

Goron da ke bakin Kawu ya faɗo kan rigarsa. Mahaifin Dije ya ce, "Inna lillahi," a hankali, ya matsa baya da tabarmarsa. Kaka ta matso ta shinshina kafaɗata.

"Mi kac ce ka sha?"

"Nono, Kaka."

"Duka?"

"Ban rage ba."

Kawu ne ya raɗa mini bayani. A gidan nan duk ɗiyar da za ta fita aure ta wannan hanya, sai an fara kai wa Doguwa, iskar mararrabar, rabonta a nemi izininta. Ni na shanye rabon, na sa tufarta, na zo ina yabon daɗinsa. Ta bayan zana na hango Dije ta toshe baki da zane, kafaɗunta na girgiza, na kasa gane kuka take ko dariya.

Mahaifinta ya ce shi mai salla ne, ba ruwansa da tsamiya, amma kuma ba zai ba da ɗiya ga wanda uwarsa ba ta yarda da shi ba. Ido ya koma kan Kaka.

"Wanga ba mugu ba ne, wawa ne," in ji ta. "Wawa kau ana gyara shi. Gobe shi ɗauki sabon ƙoƙo bisa kainai, shi kai da ƙahwa, shi durƙusa shi ba ta haƙuri. In ta sha, mun ba shi."

Gobe ɗin ranar kasuwa ce. Na fito da wandon biro da takalmi sau ciki, ƙoƙo a ka, Kaka na bayana da sanda. Ina durƙushe ina cewa tsamiya ta yafe mini sai ga kamyon leburorin bironmu, shaƙe da mutane. Direba ya rage gudu don kowa ya more. Kafin in koma Dutsi sunana ya riga ni: Angon Doguwa.

Da yamma aka duba, ƙoƙo ba komai. Ban tambayi wa ya sha ba, ko da yake Dije ta ƙi cin tuwo ranar, ta ce ta ƙoshi.

An ɗaura aure bayan girbi. Yanzu an zuba kwalta a babbar hanya, tsamiyar na nan, duk sanda muka zo wucewa matata sai ta taɓa ni ta ce, "Ba ka sauka ka gai da tsohuwar budurwarka?" Ni dai abin da na koya shi ne, in ka ga nono a mararraba ba mai shi a kusa, to da mai shi, kuma ba kai take jira ba.