Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ba Ta Taɓa Tashi Daga Aiki Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma bakin da ya ƙi rufuwa don murmushi, Injiniya, a madadin ƙaninta Mai Zane da kawunsu mai nemo masu ciniki, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarta, wadda duk ofis ya sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin da ke jikin taga, tana da shekara tara a duniya, wanda a dangin kwamfuta ya isa a kira ta kaka.

A cikin marigayiya aka raini manhajar da su ukun nan suka yi wata goma sha huɗu suna ginawa. Ma'aikaci zai buɗe shafinta a intanet ya danna "na fara" in ya zo aiki, ya danna "na tashi" in zai tafi, ita kuwa ta ƙirga masa awoyinsa. Ran da aka gama maɓallin farko babu wanda za a gwada da shi, sai Injiniya ta rubuta Gwaggo a matsayin ma'aikaciya ta ɗaya, ta danna mata "na fara". Maɓallin "na tashi" sai bayan mako uku aka haɗa shi, lokacin kowa ya manta da zancen.

Gwaggo mai haƙuri ce. Sau biyu ana zuba mata shayi, ba ta kai ƙara ba. Aibinta ɗaya, ana rufe murfinta sai barci, shafin gwaji ya bi ta. Shi ya sa ta ƙare rayuwarta baki buɗe, an tokare ta da soson goge allo, ga takarda manne a goshinta: kada a rufe, ko gobara ake yi.

Jinyar ta fara ne daga fanka. Da "fuuu" take yi a natse, sai ta koma "karrr, karrr", ga zafin jiki har Kawu ya riƙa ajiye kofinsa a gefenta don kada shayi ya huce. Mai Zane ya sha cewa, "Yaya, ki kwashe aikin nan ki kai wani wuri kafin tsohuwar nan ta yi mana tsiya." Kullum amsar Injiniya ita ce gobe. A nan take neman gafarar jama'a, domin gaskiya aikin wata goma sha huɗu duk a cikin Gwaggo yake, babu kwafinsa ko'ina.

Kawu kuma ya riga ya yi wa mai kamfanin ɗab'i alkawarin cewa ranar Talata ƙarfe goma sha biyu ma'aikatansa talatin za su fara amfani da shafin. Ƙarfe goma aka soma kwashe aikin zuwa babbar kwamfutar da aka yi haya. An kai kashi casa'in sai ga ƙauri. Mai Zane ya yi ta fifita ta da bangon fayil, Kawu ya riƙe wayar caja a karkace yadda marigayiya take so.

"'Yata, hannuna fa ya mutu," in ji Kawu.

"Kawu, gara hannunka," in ji Injiniya.

A casa'in da tara Gwaggo ta tsaya minti huɗu cur, kamar tsohuwar da ke hutawa a matakala ta ƙarshe. Sannan ta cika ɗari, ta ce "ƙit", fuskarta ta yi duhu. Injiniya ta lalubi wayarta, ta buɗe shafin, ya buɗe. Kuka ta yi da dariya a haɗe, har mai aski na maƙwabta ya leƙo ya rasa ko gaisuwa zai yi ko barka, sai ya yi duka biyun.

Marigayiya ta bar caja mai ɗaurin salatif uku, da linzamin kwamfuta mai dannuwa ta gefe ɗaya, da jakar da zif ɗinta ya riga ta tafiya, da 'ya ɗaya tilo, manhajar, wadda ke cikin ƙoshin lafiya.

A yammacin ranar, bayan ma'aikatan ɗab'i talatin sun danna "na tashi" sun tafi gida, Injiniya ta duba shafin ta ga saura mutum ɗaya a bakin aiki. Ma'aikaciya ta ɗaya ce, awa dubu goma da ɗari biyu da 'yan kai, kuma agogonta na nan yana ƙirgawa. Injiniya ta bar shi yana ƙirgawa, ta rufe shafin.

Za a yi sallama da Gwaggo ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma a ofis. Mai zuwa ya zo da kujerarsa, uku gare mu. Mai Zane zai zare soson, Kawu zai rufe murfin da hannunsa da ya warke, Injiniya kuma, in yatsanta ya yarda, za ta danna mata "na tashi".