Makullin Wuya Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani tuƙuƙin haushi da har yanzu bai huce ba, ni mai kai burodi shaguna, a madadin kaina da iyalina da babur ɗin da muke ci da shi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta, har da waɗanda ba su cancanci a sanar da su ba, rasuwar amintaccen mai gadinmu, Makullin Wuya. Ya rasu da tsakar rana, a bakin titi, a gaban jama'a, bayan gajeruwar rashin lafiya da doguwar jinya a hannun jahilai.

Ga waɗanda ba su san marigayi ba, ɗan ƙarfe ne da bai fi babban yatsa ba, yana zaune a ƙarƙashin kan babur, daidai inda wuya ya haɗu da gangar jiki. In ka karkata kan babur hagu ka murɗa mabuɗi, sai ya turo harshensa ya shige wani ɗan rami, wuyan ya sandare. Daga nan duk wanda ya tura babur ɗin sai dai ya yi ta zagaye wuri ɗaya. Aikinsa ke nan, kuma tun ranar da na sayi babur ɗin nan yake yin sa.

Marigayi ba mai surutu ba ne. Kalma ɗaya ya sani a duniya, ita ce "ƙaras". Da ita yake gaishe ni da safe in na buɗe shi, da ita yake yi mini sallama a ƙofar kowane shago. A sana'armu, bayanka kake ba wa babur. Ka ɗauki tiren burodi da hannu biyu, ka shige shago, mai shago yana lallatsa burodin ɗaya bayan ɗaya yana ba ka labarin ciwon ƙafar surukarsa, kai kuwa abin da kake ciyar da iyalinka da shi yana waje shi kaɗai. Mai gidan burodinmu ya sha faɗa cewa duk wanda ya wayi gari ba babur, a safiyar za a ba wani layin shagunan da yake kai wa, kuma masu jiran layin suna nan a bakin ƙofa sun zuba ido. Amma ni in na ji "ƙaras" ɗin nan, shiga nake yi hankalina kwance, har in tsaya in ji ƙarshen labarin ƙafar.

Jama'a su shaida cewa marigayi ya taɓa yin yaƙi ya ci. Wata rana da hantsi na shiga wani shago a wani lungu, na fito ban ga babur a inda na bar shi ba. Na shiga dube-dube. Ina waigawa sai ga shi can gaba kaɗan, ya yi kwana ya soka tayarsa a kwata. Wani ɗan halak ne ya zura wa marigayi ƙarfe ya murɗa, ya ƙi. Ya tura babur ɗin, babur ya yi ta kai shi hagu har ya gaji ya gudu. Tabon wannan ranar yana nan a fuskar marigayi, wani zane mai zurfi a gefen ramin mabuɗi, kuma da shi za a binne shi.

Ba zan ɓoye ba, yana da hali. Ba ya son a matsa masa. In ka jingina tayar gaba da dakali ko bango sannan ka kulle, nauyin babur gaba ɗaya sai ya danne masa harshe, ya ƙi buɗuwa. Ba ciwo ba ne, fushi ne, kuma maganinsa bai taka kara ya karya ba. Ka ja babur baya kaɗan ya samu sarari, ka ƙara karkata kan hagu, ka girgiza shi a hankali kana murɗa mabuɗin da yatsu biyu. Lallashi kawai yake so. Ko uwar 'ya'yana, wadda ba ta taɓa tuƙa ko keke ba, ta iya.

Rashin lafiyar ajali ta fara ne ranar da yayan matata ya zo aron babur. Sunansa a bayan idonsa Na-Sani, saboda ba ka taɓa kai ƙarshen magana bai ce ya sani ba. A gaban idonsa kuwa Yaya nake ce masa, har da rusunawa, tunda ƙanwarsa nake aure. Ranar hutuna ce, ba ni da hanyar cewa a'a. Na miƙa masa mabuɗi na ce, "Yaya, makullin wuyan nan, in za ka faka kada ka jingina tayar da…"

"Na sani," in ji shi. "Kai kana rarrafe nake hawa babur."

Ya je ya faka a gangare, ya danna tayar gaba jikin dakalin bakin titi kamar mai toshe rami, ya kulle. Da ya dawo marigayi ya ƙi buɗuwa. Yana da waya a aljihu, yana da lambata, amma a ce shi da girmansa ya kira mijin ƙanwarsa ya tambayi yadda ake buɗe babur? Ya gwammace ya kama mabuɗin da hannu biyu ya murɗa har ya lanƙwashe.

Daga nan likitoci suka taru, kowa da maganinsa, ba wanda aka kira. Wata mai soye-soye a bakin titi ta kawo man girki a cokali, aka ɗura wa marigayi a baki, ya haɗu da ƙurar da ke ciki ya zama kwaɓi. Wani mai irin babur ɗina ya ce duk mabuɗinsu ɗaya ne, ya cusa nasa da ƙarfin tsiya. Mai facin taya ya zo da guduma, don shi a duniya bai san wata cuta da guduma ba ta warkarwa ba. A cikin taron nan kaf, masu gemu da marasa gemu, ba a samu mutum ɗaya da ya ce a ja babur ɗin baya ba. Duk wannan azabar marigayi ya shanye ta, ko gezau bai yi ba, domin shi a saninsa ɓarayi ne suka taru masa. Ban ga laifinsa ba.

Sai ga Mai Taimako. Haka Yaya yake kiransa, don ko sunansa bai tambaya ba. Wai mutum ne tsaf-tsaf, kaya a goge, ga ƙamshin turare. Ya ratsa taron ya ce a ba shi wuri. Ya tsuguna, ya shafa tabon da ke fuskar marigayi da ɗan yatsa, ya yi murmushi. Ya zaro wani ɗan ƙarfe mai wasasshen baki daga cikin safarsa, ya zura, ya dafe kan babur da gwiwa, ya murɗa sau ɗaya. Waɗanda suke wurin sun ce marigayi bai ce "ƙaras" ba. Ƙara ɗaya ya yi, "ɓas", shi ke nan.

Jama'a suka yi ta sa albarka. Yaya ya sa hannu a aljihu, Mai Taimako ya ce haba, ai don Allah ya yi, sai dai in za a rage masa hanya. Yaya ya goya shi a kan babur ɗina. A hanya mutumin ya yi ta yaba lafiyar injin, ya tambayi na wane ne, me mai shi yake yi, wace hanya yake bi da safe. Yaya ya zayyana masa komai. Da suka zo wucewa ta layinmu har ya rage gudu ya nuna masa gidana, da ɗan lungun da ke bayan tankin ruwa inda babur yake kwana.

Duk wannan daga bakin Yaya na ji shi, yana zaune a kan kujerata, yana shan ruwan sanyin da ƙanwarsa ta kawo masa, yana dariya.

"Mutumin akwai barkwanci," in ji shi. "Ka san me ya ce wa makullin da ya karye? Wai, 'To, wannan karon dai ka ba da kai.'"

Na ce, "Wannan karon, Yaya?"

"Haka ya ce. Ai irin raha ce ta masu sana'a."

Na ce, "Yaya, mutumin da ke yawo da ƙarfe a safa, wace sana'a yake yi?"

Tun da na auri ƙanwarsa, ranar ce ta farko da bai ce ya sani ba. Ya ajiye kofin ya ce yana da wani uzuri. Uwar 'ya'yana ta raka shi ƙofa, ta dawo ta tsaya tana murza bakin zaninta. "Ka yi haƙuri, Baban yara," in ji ta. "Yaya ne fa." Na ce mata na san Yaya ne, shi ya sa ya fita da ƙafafunsa.

Bakanikena, wanda ya duba gawar, ya tabbatar da cewa ba man girki ne ya kashe marigayi ba, ba kuma guduma ba, duk da cewa sun yi iya ƙoƙarinsu. Murɗa ɗaya ce ta gwani ta karya harshen, ta kuma tsaga mazauninsa a jikin babur. Ko an sa sabo ba inda zai kama, sai an kai wa mai walda ya yanke wuyan ya sake ginawa, ni kuwa babur ba zai yi wuni ɗaya a kwance ba tare da an ba wani layina ba. Ya ƙara da cewa irin marigayi an daina yin su. Na yanzu, in ji shi, ko da cokali aka zura musu sai su buɗe har su yi godiya.

Marigayi ya rasu ya bar mabuɗai biyu, tagwaye, ɗaya ya lanƙwashe ba zai ƙara moruwa ba, ɗayan yana rataye a ƙusa lafiyarsa lau amma ba shi da wanda zai buɗe. Ya bar babur guda ɗaya, maraya, wanda yanzu kansa ke juyawa duk inda aka juya shi, ga kowa. Ya bar tiren burodi da igiyar roba. Ya bar yara uku masu zuwa makaranta a bayan babur ɗin, da mahaifiyarsu, wadda ta naɗe shimfiɗar falonta da hannunta don a shigo da babur ya riƙa kwana a ciki, yana ɗigar mata da baƙin mai a tsakar ɗaki. Ya kuma bar ni.

An samo wata sarƙa da ƙaton kwaɗo wai su riƙe muƙaminsa. Ba na raina su, amma sarƙa sai da abin ɗaurewa, kuma ba kowane shago ne ke da turke a ƙofarsa ba. Yanzu a kowace tsayawa sai na yi ta neman ƙarfe ko ginshiƙi, in tsuguna in zagaya sarƙa ta cikin taya, in kulle, in shiga da baya-baya idona a waje. Burodi yana isa a makare. Mai gidan burodi ya riga ya kira ni gefe ya tambaye ni ko aikin ya fara yi mini yawa ne. Duk mai goge kaya da ya wuce ni a titi, safarsa nake kallo. Ina kewar marigayi, kuma ina jin tsoro, ba na jin kunyar faɗa.

Iyalan marigayi suna miƙa godiya ga bakanike, shi kaɗai. Mai soye-soye ta riƙe man girkinta. Mai faci kada ya zo, in kuma ya zo kada ya kawo mana wata gudumar. Masu cewa ai ƙarfe ne kawai, a sayi wani, su yi ta'aziyyarsu daga nesa. Yaya kuwa dole ya zo, tunda ba ni da ikon hana shi shiga gidan ƙanwarsa. Za a shimfiɗa masa tabarma, za a ba shi ruwa, zan kuma rusuna in gaishe shi kamar kullum. Amma a sanar da shi cewa ko keken yara da ke bayan ƙofa ba na aro ba ne.

Za a yi wa marigayi wanka da kananzir a garejin bakanike, a cire masa man girkin da aka ɗura masa, don kada ya tafi da ƙazantar mutane a jikinsa. Za a naɗe shi a tsumma mai tsabta, a sa shi a gwangwanin madara tare da lanƙwasasshen mabuɗinsa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa kada su wahalar da kansu, ba za a ɗora shi a sikeli ba. Za a binne shi a lungun bayan tankin ruwa, inda ya yi gadi tsawon rayuwarsa.

Zaman makoki a bakin ƙofar falo ne, kusa da babur, kuma ba a sa ranar tashi ba. Marigayi bai bar magaji ba sai ni, don haka ni zan zauna. Sai yanzu na san nauyin da ɗan ƙarfen nan yake ɗauke mini ina barcina.

Mai Taimako, kai ma an ajiye maka wuri. Ba sai an yi maka kwatance ba, an riga an nuna maka gidan. Ka zo da ƙarfenka. Wanda ka kashe ba shi da hannu, da harshe kawai ya yi ta fama da kai. Wanda ya gaje shi yana da hannu biyu, kuma mai faci, da zai bar wurin ranar, ya manta gudumarsa a cikin tiren burodi.