Tsamiyar Ƙofar Gidan Goggo

Ba zan taɓa mantawa da tsamiyar ƙofar gidan Goggona ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu ba za su bari ba. Har yau idan hanya ta biyo da ni ta wajen, sai in ja mayafi in ƙara sauri.

A lokacin keke bai yi yawa a Lafiya ba. Idan ɗaya ya gifta, yara su bi shi da gudu, manya su tsayar da ciniki su kalla. Maigidana kuwa dakon gishiri yake yi. Da ƙafa yake bin ayari zuwa Awe, ya daɗe bai dawo ba, ya dawo da wuya a sage da ƙafa duk kaushi. Ni kuma ina gida da goyon ɗan fari, daga ni sai surukata, Iya. Ni dai tun asali Allah bai ba ni kwanciyar rai ba. Yaro ya yi tari, in ce shi ke nan. Ya daɗe yana barci, in sa yatsa a hancinsa in ji ko yana numfashi. Uban yana kan hanya, kunnena yana bakin zaure.

Sai wani attajiri mai sayen riɗi, wanda yake da kekunan haya a bakin kasuwa, ya ce yana neman mai kai masa saƙo wajen wakilansa na ƙauyuka, a kan keke, ya je ya dawo ya kwana gida. Samari suka yi masa yawa. Ya ce to, a yi tsere: daga tasha zuwa Kwandere a juyo, wanda ya riga isowa aikin nasa ne. Ya ara wa kowa keke ya je ya gwada ƙafarsa kafin ranar.

Ya kwana gida. Ni duk cikin zancen wannan kaɗai na ji.

Maigidan ya shiga, da ma ya ɗan iya. Daga ranar gidanmu ya zama gidan keke. Da an sallame asuba sai ya ɗaure buhun yashi a kariyar bayan keken ya kama hanya, wai don ranar tsere ya ji keken ya yi sakayau. Ya dawo cinyoyinsa suna rawa, in narka man kaɗe in shafa masa, ina cewa ya bari haka kada zuciyarsa ta fashe, ina kuma addu'a a ciki kada ya bari. (Haka nake. Abu biyu nake tsoro a lokaci ɗaya, kuma kullum kishiyoyin juna ne.) Na tambaye shi me yake tunawa idan ƙafa ta ƙi. Ya ce, "Gammo. Da na tuna gammo a kaina sai ƙafar ta farka."

Sannan ya kwance kan keken, wato ƙarfen riƙo, ya kife shi, hannayen suka koma ƙasa, ya ɗaga sirdi sama. Idan ya hau sai ya duƙa, haɓarsa ta kusa taɓa ƙarfe, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, riga a cushe cikin wando. Iya ta tsaya ta kalle shi a tsakar gida ta ce, "Kai kuwa, an ba ka abin zama ka zaɓi ruku'u?"

Ya ce, "Iya, iska nake ɓuyar wa."

Ta ce, "Bashi take bin ka?"

Wanda kowa yake tsoro shi ne Audu Dogo, mutumin Doma, mai ƙafafu kamar tabarya. Shi a miƙe yake tuƙi, ƙirji a buɗe, yana buga ƙararrawa ko ba kowa a hanya. Na dami maigidan da tambaya: yaya za ka yi da Dogo? Ya ce in bari. Na bari na rabin wuni na sake tambaya. Da ya ga ba zan bar shi ya ci tuwo ba, ya rage murya ya ce, "Idan za ku rafi da sassafe ta cikin ciyawa, wa raɓa take jiƙawa?"

Na ce, "Ta gaba."

Ya ce, "To haka iska take. Zan liƙe a bayan Dogo, tayata a gindin tayarsa, shi ya sha iskar ni in huta. Na lura da shi: duk sanda ya iso ɗan hawan nan na tsamiyar gidan Goggonki, sai ya sassauta ya miƙe baya. A nan zan fito ta hagunsa in wuce. Kafin ya farga na yi nisa. Amma maganar nan daga ni sai ke."

Na rantse. Kuma wallahi ban gaya wa kowa ba. Ko Iya. Na riƙe ta kamar garwashi a tafin hannu har ranar ta zo.

Ranar na tashi da son gaida Goggo ƙwarai da gaske. Iya ta dube ni ta ce ita ma ta kwana biyu ba ta gan ta ba, bari ta raka ni. Muka je. Bakin hanya ya cika maƙil: 'yan kasuwa, ma'aikatan tasha, dattawan unguwa a kan buzu a inuwar tsamiyar, har da limamin da ya ɗaura mana aure. Mu mata muna daga cikin gida. Zanan Goggo ya fi ni tsawo, sai na kife turmi na hau, goyo a baya, na leƙa ta sama. Iya da Goggo suna zaune a ƙasa suna ɓarar gyaɗa kamar ba abin da yake faruwa a duniya.

Da za su tafi sun wuce a dunƙule, ban ma gane kowa ba. Sai jira. Na sauka, na hau. Na kwance goyo, na sake ɗaurawa. Na ce ƙila ƙaya ta fasa masa taya. Na ce ƙila akuya ta gifta. Na ga gawarsa a kan makara, na ga kaina cikin takaba, duk ina kan turmi. Goggo ta ce, "Ke 'yar nan, ko ki zauna ko ki tsaya, kina sa mini jiri."

Can aka ce ga su nan.

Su biyu ne kawai a gaba, sauran sun zube a baya. Dogo yana tafe baki a buɗe, rigarsa sharkaf. A bayansa, daf da shi, ga nawa a duƙe kamar an naɗe shi, ba ka ganin komai sai tsakiyar hularsa. Komai yadda ya faɗa. Suka fara hawan. Dogo ya sassauta, ya miƙe baya, daidai yadda aka ce zai yi. Inuwar tsamiya ta rufe su.

Nawa kuwa bai motsa ba.

Kansa yana ƙasa. Na ce a raina: bai gani ba. Yaya za a yi ya gani, mutumin da tun Kwandere taya yake kallo? Ga tsamiya tana wucewa, ga kwana gida yana wucewa, ga hanyar Awe tana dawowa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na kira sunansa.

Ba Malam ba, ba maigida ba. Sunansa na yanka, wanda tun da aka kawo ni gidansu ko a mafarki ban taɓa furtawa ba. (Kuma kada ku sa rai, a nan ma ba zan faɗa ba.) Na ƙwala shi da muryar da ban san ina da ita ba, na ɗora da, "Ga tsamiyar! Ta hagu ka ce! Wuce shi, ya gaji!"

Dogo ba kurma ba ne. Ya waiga, ya karkato hagu ya tare gurbin, ya miƙe tsaye kan feda. Nawa kuma, da ya ji sunansa cikin muryar matarsa yana saukowa daga saman zana, sai ya ɗago gaba ɗaya, ƙirji a buɗe, ido waje, yana neman inda gobara ta tashi. Keken ya yi tangaɗi. Kafin ya koma ruku'unsa, Dogo ya ba shi rata, iskar da ya wuni yana ɓuyar wa ta same shi shi kaɗai.

Dattawan nan duk suka ɗaga kai, ga ni rabin jiki a sama da zana, mayafi ya zame, baki bai gama rufuwa ba. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wani ya ce, "Ta hagu ka ce!" da ƙaramar murya, shi ke nan dariya ta ɓarke har yarona ya tsorata ya fasa kuka.

Na sauko daga turmin a hankali, ina fatan ƙasa ta ci gaba da yin ƙasa. Iya ba ta ko ɗago ba. Ta ɓare gyaɗa ɗaya, ta hure ɓawon, ta ce, "Ashe kin san sunan."

Dogo ne ya ci. Da yamma maigidan ya shigo ba keke, ya zauna a bakin ƙofa. Na kai masa ruwa ina kallon yatsun ƙafata. Ya sha, ya ce, "Na ga tsamiyar. Jira nake ya saki hannu ɗaya ya share gumi." Da duka ya yi da ya fi mini sauƙi. Muna nan sai ga sallamar Dogo a zaure, ya kawo goro da kansa, ina jin sa yana cewa da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Ka ba matarka. Shi ne ya nuna mini hanya, Allah ya yi masa albarka."

Ayari na gaba da ya tashi zuwa Awe, da maigidan a ciki. Ni na naɗa masa gammon da hannuna.

Na dai koyi cewa mutumin da ya sunkuyar da kai ba lallai ne ya daina gani ba. Shi kuma ya koyi kada ya ƙara gaya mini shirinsa. A cikinmu, shi ya fi riƙe nasa karatun.